Awo Kafin Ciniki: Zaɓen Na'urar Haɗa Sauti Domin Kiɗa Mai Karin Larabawa



1. Gabatarwa

Batun wannan lacca shi ne yadda ya kamata a zaɓi na'urar haɗa sauti ta lantarki, musamman irin wadda ake sayen gaɓoɓinta ɗaya bayan ɗaya ana harhaɗawa, idan nufin mai saye shi ne ya yi kiɗa mai karin Larabawa. Da jin haka wani zai ce ai wannan magana ce ta mutanen Berlin da Alƙahira, ba ruwan mutumin Dawanau da ita. To, amma wanda duk ya shiga kasuwar hatsi ta Dawanau, wadda aka kafa cikin 1985 a kan hanyar Katsina, a ƙasar Dawakin Tofa, ya san cewa bayan ƙugin manyan motoci da hayaniyar 'yan dako, sauti iri biyu ne suka fi cika kunne daga rediyo da wayoyin hannu. Na farko shi ne ƙira'ar Alƙur'ani daga bakin mahaddatan Masar, ko kuwa daga bakin 'yan ƙasa waɗanda suka koyi salonsu. Na biyu kuwa shi ne waƙoƙin fim da na bege waɗanda aka kaɗa da fiyano. Kunnen Bakano ya saba da duka biyun, amma fa ba bisa ma'auni ɗaya aka gina su ba.

Akwai samari a Dawanau da Bichi da Dawakin Tofa da ƙauyukan da ke kewaye waɗanda burinsu shi ne su tara kuɗin kaka, ko ladan dillanci, su buɗe ɗan situdiyo inda za a riƙa ɗaukar waƙoƙin biki da na Islamiyya da na Maulidi. Jarin irin wannan saurayi ba ya jure kuskure. Idan ya sayi na'urar da ba ta iya fitar da karin da ke kunnensa, to, ko dai ya yi asarar kuɗi, ko kuwa ya tanƙwara waƙar ta bi na'ura, wanda shi ne ya fi faruwa, kuma shi ne babbar asara. Saboda haka abin da wannan lacca take son tabbatarwa guda ɗaya ne: a fara binciken ma'aunin na'ura kafin a saurari daɗin muryarta. Game da hukuncin kiɗa kansa kuwa, malamai sun daɗe suna tattaunawa a kai, kuma wannan fagensu ne.

2. Ma'aunin Sauti

Sa'ad da namiji da mace suka rera waƙa ɗaya tare, galibi muryar macen tana sama da ta namijin, amma kunne yana jin karin ɗaya ne. Tazarar da ke tsakanin muryoyin nan biyu ita ce za a kira zango cikin wannan lacca. A ilmin kimiyya, zango yana cika ne idan saurin kaɗawar sauti ya ninka, alal misali daga kaɗawa 440 cikin daƙiƙa zuwa 880. Turawa sun raba zango gida 12 daidai wa daida, kowane gida taki ɗaya, sa'an nan masu awo suka sake raba kowane taki kashi 100, suna kiran kowane kashi sent. Watau zango ɗaya sent 1200 ke nan. Wannan shi ne ma'aunin fiyano: maɓallai farare 7 da baƙaƙe 5, babu kome a tsakaninsu.

Kiɗan Larabawa kuwa bisa maƙamat aka gina shi. Maƙam shi ne jerin sautuka tare da hanyar da aka saba bi wajen hawa da sauka a cikinsu. Waɗansu maƙamat, kamar Ajam da Nahawand da Kurd, ana iya kusantarsu a kan fiyano. Hijaz ma ana kwatanta shi, ko da yake gwanaye sukan ɗan ɗaga sautinsa na biyu su ɗan sassauta na uku. Amma Rast da Bayati da Sika da Saba, waɗanda su ne ƙashin bayan wannan kiɗa, ba su da mazauni a kan maɓallan nan 12. Sauti na uku na Rast yana wajen sent 350 daga tushe, alhali fiyano 300 gare ta da 400. Sauti na biyu na Bayati yana wajen 150, tsakanin 100 da 200. Wannan rabin takin shi ne Larabawa suke kira rubu'i.

Al'amarin ba sabo ba ne. Tun ƙarni na 8 a Bagadaza wani makaɗin udu mai suna Mansur Zalzal ya shahara da wani matsayin yatsa da ke tsakanin sautukan nan biyu, har aka sa masa sunansa. Alfarabi, wanda ya rasu cikin 950, ya auna shi a babban littafinsa na ilmin kiɗa. Safiyuddin al-Urmawi, wanda ya rasu cikin 1294, ya raba zango gida 17. Cikin ƙarni na 19 Mikha'il Mishaƙa na ƙasar Sham ya bayyana tsarin raba shi gida 24. Daga baya, cikin 1932, Sarki Fu'ad na Masar ya kira babban taro a Alƙahira, masana suka zo daga ƙasashen Larabawa da Turkiyya da Turai, har da Béla Bartók da Paul Hindemith, aka yi muhawara a kan ko za a tsai da gida 24 daidai wa daida su zama ma'aunin kowa. An tashi ba a daidaita ba, domin da aka saurari makaɗa sai aka ga kowace ƙasa da inda take ajiye rubu'inta. Har yau sautin Sika na mutanen Halab ya ɗan ɗara na mutanen Alƙahira tsawo.

Ɗan kasuwar Dawanau ba zai yi mamakin wannan ba. Ya san mudu suna ɗaya ne, amma cikinsa ba ɗaya ba ne daga kasuwa zuwa kasuwa, shi ya sa ba ya yanke farashi sai ya ga kwanon da za a auna masa da shi. Na'urar da ta ba da gida 24 ƙayyadaddu ta fi mai gida 12, amma wadda ta fi su duka ita ce wadda za ta bar mai ita ya ajiye kowane sauti inda kunnensa ya ce.

3. Hanyoyin Da Karin Larabawa Ya Iso Ƙasar Hausa

Kafin mutum ya zaɓi kayan aiki, wajibi ne ya san wane kari yake nufi, domin abin da ake kira na Larabawa ba ta hanya ɗaya ya iso ba.

Hanya ta farko ita ce ta fatake da malamai masu ƙetare Sahara. Sunayen kayan kiɗa kansu shaida ne: algaita daga algaiɗa ta Magrib, bandiri daga bandir. Bandirin Ƙadiriyya ya kafu sosai a Kano a zamanin Shaihu Nasiru Kabara, wanda ya rasu cikin 1996. Ta wannan hanya kuma aruli ya shigo, har rubutattun waƙoƙin Hausa suka hau karuruwan Larabci irin su Basiɗ da Kamil da Mutadarik, kuma ana rera Ishiriniya a zaurukan birni da ƙauye.

Hanya ta biyu ita ce ta rediyo da kaset. Shaihu Mahmud Khalil al-Husari ya ɗauki Alƙur'ani sukutum a faifai cikin 1961, muryar Shaihu Abdulbasiɗ Abdussamad kuwa ta shiga kowane lungu. Daga 1986, sa'ad da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, samari da 'yan mata da yawa suka himmatu ga kwaikwayon wannan salo. Ƙira'a ba kiɗa ba ce, kuma ba a haɗa ta da kayan kiɗa. Abin lura kawai shi ne ta horar da kunnuwan jama'a, har yaron da bai taɓa jin sunan Bayati ko Saba ba yana iya bin su da murya ba tare da kuskure ba.

Hanya ta uku ita ce ta Sudan, hanyar alhazai ta dā. Kiɗan Sudan da Larabci ake rera shi, amma galibinsa bisa sautuka 5 yake tafiya, kamar yadda yawancin waƙoƙin gargajiya na Hausa suke. Wannan ya fi sauƙin hawa fiyano, ko da yake shi ma ba daidai yake faɗawa kan maɓallanta ba.

Daɗin daɗawa, akwai finafinan Indiya, waɗanda suka mamaye silimomin Kano tun shekarun 1960. Waɗansu karuruwansu sun yi kama da Hijaz da Kurd, har ƙungiyoyin bandiri irin su Ushaƙu Indiya suka riƙa ɗora yabon Annabi a kansu. Saboda haka sau da yawa abin da mai situdiyo yake kira karin Larabawa, ɗan yankin nan ne da Larabawa da Indiyawa suka yi tarayya a kansa, wanda kuma maɓallai 12 suka yarda da shi.

4. Shigowar Na'ura

Mutane da yawa suna zaton kiɗan lantarki Turawa kaɗai suka fara shi. Cikin 1944 wani ɗalibi a Alƙahira, Halim El-Dabh, ya ari na'urar ɗaukar magana a kan waya, ya ɗauki muryoyin mata a wajen wasan zar, wanda ya yi kama da bori, ya sarrafa su a gidan rediyo har suka zama wani sauti dabam. Wannan ya riga aikin Pierre Schaeffer na Faransa da shekara 4. Cikin 1964 Robert Moog ya nuna na'urarsa mai gaɓoɓi a Amurka. Cikin 1995 kuma Dieter Doepfer na Jamus ya fito da ƙaramin tsari mai suna A-100, wanda ya zama ma'aunin da ake kira Eurorack, har kamfanoni ɗaruruwa suke ƙera gaɓoɓin da suke shiga akwati ɗaya.

A wannan yanki, Mamman Sani na Nijar ya ɗauki kiɗansa a Yamai cikin 1978 da wata ogan ta Italiya mai suna Orla, ya ɗora karuruwan gargajiya a kanta, kuma kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da aikin cikin 2013. A Kano kuwa, bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya cikin 1990, masu shirya fim suka bukaci kiɗa mai sauƙin kuɗi. Cikin shekarun 1990 fiyanon Yamaha samfurin PSR ta shiga situdiyoyi irin su Iyan-Tama, kuma karɓuwar da waƙar fim ɗin Sangaya ta samu cikin 1999 ta tabbatar da sarautarta. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa a kan wannan sauyi.

Fiyano ta yi alheri, domin ta ba dubban matasa sana'a. Amma ta zo da mudunta. Mai goge, ko mai kukuma kamar Hassan Wayam, yana zame yatsa ne a kan tsirkiya ya bi muryar mawaƙi duk inda ta je. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata ya bi hawa da saukar maganar Hausa, har ganga ta yi magana. Fiyano ba ta bin kowa, ita ake bi. Sa'an nan aka sami manhajar gyaran murya ta Auto-Tune, wadda ta fito cikin 1997, wadda in ba a saita ta ba take jawo muryar mawaƙi zuwa maɓalli mafi kusa. Yarinyar da ta rera Bayati daidai a makarantar Islamiyya, idan ta shiga irin wannan situdiyo, sai na'ura ta ɗauki daidai ɗinta kuskure ne, ta gyara mata shi.

5. Gaɓoɓin Na'ura Da Abin Da Za A Duba

Na'ura mai gaɓoɓi ba ta da maɓallai na dole. Kowace gaɓa aiki ɗaya take yi, mai ita ne yake haɗa su da 'yan wayoyi, kuma ƙarfin lantarki ne yake faɗa wa kowace abin da za ta yi. A tsarin Eurorack ƙarin bolt ɗaya yana ɗaga sauti zango ɗaya. Ke nan taki ɗaya kimanin milibolt 83 ne, rubu'i kimanin 42, sent ɗaya kuwa bai kai milibolt ɗaya ba. Tun da yake lantarki yana iya tsayawa ko'ina tsakanin waɗannan lambobi, asalin na'urar ba ta da son kai ga ma'aunin kowa. Bugu da ƙari, abin da Bature yake gani aibinta, watau kowace murya sauti ɗaya take fitarwa a lokaci guda, ba aibi ba ne a nan, domin kiɗan Larabawa da na Hausa duka bisa kari ɗaya suke tafiya, ba bisa tarin sautuka da ake dannawa tare ba.

(a) Ma'auni. Wannan ita ce gaɓar da take karɓar lantarki ta tsai da shi a kan sautukan da aka zaɓa. Ita ya kamata a fara saye, ko da yake ita ce masu saye suka fi mantawa da ita, saboda ba ta da murya. Masu araha da yawa gida 12 kaɗai suka sani, waɗannan kuwa fiyano ce aka sake wa riga. A nemi wadda take barin mutum ya rubuta nasa jeri sent bayan sent, ko wadda take karanta fayil na Scala, tsarin da aka tara dubban ma'aunai na duniya a cikinsa. Ornament & Crime da µTune na Tubbutec da Disting na Expert Sleepers suna cikin masu yin irin wannan aiki. A kuma duba ko tana sauya jeri da sauri, domin makaɗin Larabawa yakan fita daga Rast ya shiga Hijaz ya komo cikin baiti ɗaya.

(b) Uwar murya. Ita ce take haifar da sautin. Abin dubawa a gare ta shi ne riƙon alkawari. Kuskuren milibolt 10 kacal sent 12 ne, wanda ya isa ya ɓata rubu'i a kunnen wanda ya sani. Gwajin ba shi da wuya: a sa mata sauti, a auna da manhajar saita sauti ta wayar hannu, a riƙa ƙara bolt ɗaya ɗaya har zango 4 ko 5, a ga ko tana komowa kan sautinta. Iri biyu ne: masu tsohon tsari na analog, waɗanda muryarsu take da kauri amma zafi da sanyi suna motsa su, da masu tsarin dijital, waɗanda suka fi tsayawa wuri ɗaya.

(c) Abin jan murya. Maƙam ba tsani ba ne kurum. Daɗinsa yana cikin zamiya daga sauti zuwa sauti, da karkarwar murya, da ɗan ado kafin a sauka. Saboda haka ana bukatar gaɓar da take sa sauti ya zame maimakon ya yi tsalle, da kuma abin taɓawa marar maɓalli, kamar zirin nan na Doepfer A-198 wanda ake jan yatsa a kansa. Wanda ya taɓa riƙe goge zai gane shi nan da nan.

(d) Majeri. Ita ce take jera sautuka da bugu tana maimaitawa. Da yawansu bugu 8 ko 16 aka yanka musu, domin kiɗan rawa na Turai. Maƙsum na Masar zai shiga wannan awo, amma Sama'i mai bugu 10 ba zai shiga ba, haka nan kiɗan Hausa mai tafiya bisa 6 ko 12. Ga kuma aruli, wanda yake bambanta doguwar gaɓa da gajera. Majerin da ba ta barin a sauya yawan bugu da tsawon kowane ɗaya za ta karya baiti.

(e) Rariya da sauran masu gyaran murya. Rariya tana tace sauti, ta rage kaifi ko ta fito da amon hanci irin na algaita. Ƙara ɗan huci yana kawo kamar sarewa, gaɓar da take kwaikwayon tsirkiya, kamar Rings, tana kusantar udu ko gurmi. Kamfanin Mutable Instruments na Faransa da ya ƙera Rings ya daina aiki cikin 2022, amma da yake ya bar zanensa a buɗe, waɗansu suna ƙera irinta da sauƙin kuɗi. Sai dai a tuna, kwaikwayo bai kai asali ba. Mai son muryar algaita a ƙasar Kano, ya fi masa araha da kyau ya gayyato mai algaita ya biya shi.

(f) Akwati da wuta. Faɗin gaɓa da ma'aunin HP ake faɗinsa, kowane ɗaya milimita 5.08, kuma layi guda yakan ɗauki 84 ko 104. Gaɓoɓin suna cin bolt 12 ta sama da 12 ta ƙasa. A tara yawan wutar da kowace take ja, a sayi akwatin da ya fi jimlar da kamar rubu'i. Jan layin da ke jikin igiyar wuta yana nuna ɓangaren ƙasa, kuma juya shi sau ɗaya yana iya ƙone gaɓa. Tun ran gini tun ran zane: a lissafa duk wannan a takarda kafin a fitar da ko kwabo.

6. Yanayin Ƙasa

Masu ƙera waɗannan kaya ba su yi su da tunanin bazarar Kano ba, inda zafi yakan wuce digiri 40 cikin Afrilu, ga kuma sanyin asuba na hunturu. Uwar murya ta analog tana bukatar kamar minti 15 ko 20 bayan an kunna ta kafin ta natsu, idan wuta ta ɗauke kuwa sai a sake jira. Wannan dalili ne mai ƙarfi na fifita ta dijital ga mai aikin rubu'i. Ƙurar hunturu, da ƙaiƙayi da ƙurar hatsi a wuri irin Dawanau, suna shiga ɗaruruwan ramukan da ke fuskar na'urar, don haka akwati mai murfi wajibi ne. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, saboda haka a tabbata abin ba da wutar yana karɓar duka. Wutar ƙaramin janareta tana hawa tana sauka, ta kuma sa ƙugi cikin sauti. Tun da yake ƙaramin akwati bai cin wuta mai yawa, batir da sola sun fi dacewa da shi.

Sa'an nan ga batun kuɗi. Da dala ko yuro ake sayen kayan, kuma tun da aka saki darajar naira cikin Yuni 2023 tsadarsu ta ƙaru ƙwarai. Gaɓa ɗaya tak tana iya cinye kuɗin buhunan gero da dama, ga kuɗin jirgi da na kwastan. Galibi kuma daga waje ake aiko su, ba a taɓa ba, ba a ji ba, watau cinikin biri a sama. In ta lalace, mai gyaran rediyo zai iya sauya abin da ya ƙone a mai tsohon tsari, amma ta dijital takan gagare shi. Wannan shi ne abin da za a ɗora a ɗaya gefen sikeli.

7. Wa Ya Kamata Ya Saya?

Masu bukata kashi uku ne. Na farko shi ne makaɗin biki da taro, wanda zai kaɗa waƙa 20 ko 30 a dare ɗaya. Wannan na'ura mai gaɓoɓi ba tasa ba ce, domin ba ta ajiye sauti: da an zare wayoyi, abin da aka gina ya rushe. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ya dace da shi shi ne fiyano ta musamman da aka yi domin kasuwar Larabawa, kamar jerin PSR-A na Yamaha ko jerin Pa na Korg samfurin Gabas, masu 'yan maɓallai a gefe da ake sassauta kowane sauti da su.

Na biyu shi ne ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi. Shi kada ya sayi kome tukuna. Manhajar VCV Rack, wadda ta fito cikin 2017, kyauta ce, kuma tana kwaikwayon akwatin Eurorack a kwamfuta. Akwai kuma Leimma da Apotome, waɗanda Khyam Allami, makaɗin udu ɗan asalin Iraƙi, ya fitar cikin 2021 domin gina ma'aunai waɗanda ba na Turai ba. Wata shida a kan waɗannan zai nuna masa gaɓoɓin da yake bukata da gaske. In ya matsu ya taɓa ƙarfe, ƙaramar Korg Monologue, ko da yake ba mai gaɓoɓi ba ce, tana barin a saita kowane sauti.

Na uku shi ne mai situdiyo da ya riga ya kafu, yana neman muryar da ba kowa ke da ita ba. Shi ne zai amfana. Ya fara da layi ɗaya: ma'auni, uwar murya ɗaya, abin jan murya, rariya, da gaɓar buɗe sauti da rufe shi. Kada ya ƙara ta shida sai biyar ɗin sun gaza masa.

8. Aikin Jami'a Da Hukuma

Akwai aikin da ya fi ƙarfin mai situdiyo. Ma'aunan Larabawa da Turkawa da Farisawa an auna su an rubuta, kowa yana iya saukar da su ya sa a na'urarsa. Ya kamata a yi wa kiɗan Hausa irin wannan hidima. Gidajen rediyon Kano da Kaduna sun ɗauki muryoyin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da ɗimbin makaɗan da ba su yi suna ba. Ɗaliban kimiyyar lissafi da na injiniya da na harsunan Nijeriya suna iya haɗa hannu su auna inda kukuma da gurmi da algaita da kuntigi suke ajiye sautukansu, gari gari, makaɗi makaɗi, su rubuta cikin fayil na Scala su bayar kyauta. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano tana iya ɗaukar nauyin ɗaukar makaɗan da suke raye a ƙauyuka, a biya su hakkinsu, a rubuta sunayensu. Makarantun fasaha kuma suna iya koyar da ƙera sauƙaƙan gaɓoɓi, tun da zanen da yawansu a buɗe yake, ta haka a sami masu gyara a gida. Ma'aikacin da aka ba aikin sayo kayan kiɗa domin makaranta ko gidan rediyo, ya sa sharaɗi ɗaya cikin takardar kwangila: lalle na'urar ta yarda a sauya ma'auninta.

9. Kammalawa

An ga cewa karin Larabawa yana zaune ne a wuraren da fiyano ba ta da maɓalli, kuma kunnen Bahaushe ya san wuraren nan ta hanyar ƙira'a da bandiri da kayan kiɗansa na gado. An ga kuma na'ura mai gaɓoɓi tana iya kaiwa gare su, muddin an fara da ma'auni mai karɓar gyara, da uwar murya mai riƙon sauti, da abin jan murya, da majeri marar ƙayyadadden bugu, aka kuma yi tanadin zafi da ƙura da wuta. Ba kowa ne yake bukatarta ba, amma tambayar da take tayarwa ta shafi kowane mai saye, ko fiyano zai saya ko manhaja. Hausawa sun ce idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Tun daga shekarun 1990 na'ura ce take sauya kiɗan, mawaƙa suna bi. Kayan aikin da za su ba mawaƙi damar ya riƙe nasa karin sun samu, saura sanin yadda za a zaɓe su.